Numfashin yoga da macijin da ake cewa yana kwance a gindin baya

Sadiq Gwammaja: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san Indiya. Likita ya ce Hajiyarmu ta riƙa atisayen numfashi a hankali safe da yamma, ƙari a kan maganin hawan jinin da take sha. Na shiga YouTube in nemo mata yadda ake yi, sai na tarar da wata duniya daban. Wannan ya ce pranayama, wancan ya ce kundalini, wai akwai wani ƙarfi a naɗe kamar maciji a gindin ƙashin bayan mutum, da numfashi ake tashinsa. Har da masu sayar da darasi da dala. Abin da likita ya ce da wannan duk ɗaya ne? Kar in je in ɗora tsohuwa a kan bautar da ba mu sani ba.

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Maciji kuma? A'uzu billahi. Sadiq rufe shafin nan ka koma wurin likitan ya gwada muku da kansa.

Nura (Pune): Anti ki kwantar da hankalinki, ba macijin gaske ba ne, siffantawa ce. Sadiq, ni karatun gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi nake yi a nan, kuma ana koya mana wasu daga cikin numfashin nan. Mafi sauƙi shi ne na musayar hanci: ka zauna ka miƙe baya, ka toshe ƙofar hancin dama da babban yatsa ka shaƙa ta hagu, sai ka toshe hagu da yatsan zobe ka fitar ta dama, ka shaƙa ta daman ka fitar ta hagu. Shi ke nan. Amma kundalini wani babi ne daban, wannan aƙida ce tsantsa. Malam Kabiru ne zai fi ni bayani in yana kusa.

Malam Kabiru: Ina nan Nura. Sadiq ka yi haƙuri, zan ɗan tsawaita, don maganar tana da saiwa.

Tun a tsofaffin littattafan Hindu da ake kira Upanishad, waɗanda mafi daɗewarsu suka kai ƙarni na 7 ko na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), numfashi yana da matsayin da ya wuce iskar da ke shiga huhu. Suna kiransa prana, kuma a wurinsu shi ne ƙarfin da ke riƙe da rai. A ɗaya daga cikinsu, Chandogya, akwai wani labari da ya nuna haka. Magana da gani da ji da tunani da numfashi suka yi gardamar wane ne babba. Suka kai ƙara wurin Prajapati, wanda suke ɗauka uban halittu, ya ce wanda jiki ya fi lalacewa in ya tafi, shi ne babbanku. Magana ta tafi ta yi shekara guda, ta dawo ta ce yaya kuka yi ba ni? Suka ce mun rayu kamar bebaye. Gani ya tafi, aka rayu kamar makafi. Ji ya tafi, aka rayu kamar kurame. Tunani ya tafi, aka rayu kamar jarirai. Da numfashi ya yunƙura zai tafi, sai ya fizgo sauran gaba ɗaya kamar yadda ingarman doki ke tumɓuke turakun da aka ɗaure shi. Nan take suka ce ranka ya daɗe zauna, kai ne babba.

A littafin nan dai an ce zuciya tana da hanyoyi 101, ɗaya daga ciki ta miƙe zuwa tsakar kai, wanda ransa ya bi ta nan ba zai ƙara mutuwa ba. A wani Upanishad ɗin, Brihadaranyaka, an ambaci hanyoyi 72,000. To ka ga tushen: numfashi ƙarfi ne, jiki cike yake da hanyoyinsa, kuma akwai hanya guda ta tsira da ta nufi sama. Amma babu maciji tukuna. Ko Patanjali, wanda ya tsara yoga hawa takwas wajen shekara ta 400 miladiyya ya sa pranayama, wato sarrafa numfashi, a hawa na huɗu, bai ambaci kundalini ba ko sau ɗaya.

Alhaji Idi Maraɗi: To Malam daga ina macijin ya shigo?

Malam Kabiru: Daga littattafan Tantra na masu bautar Shiva, Alhaji, wajen ƙarni na 8 zuwa gaba. Malamai irin su Abhinavagupta na Kashmir, wanda ya rayu wajen shekara ta 1000, sun yi rubutu a kai. A wurinsu kundalini allahiya ce, ita ce Shakti, tana barci a gindin ƙashin baya ta yi naɗi uku da rabi, ta toshe bakin hanyar tsakiya da suke kira sushumna. Hanyoyi biyu na gefenta: ida ta hagu mai alaƙa da wata da kogin Ganga, da pingala ta dama mai alaƙa da rana da kogin Yamuna. Musayar hancin da Nura ya kwatanta, asalinsa wanke waɗannan biyun ne kafin a shiga babban aiki.

Babban aikin kuwa littafin Hatha Yoga Pradipika na Svatmarama, na ƙarni na 15, ya fayyace shi. Mutum zai cika ƙirji ya riƙe numfashi, ya kafa haɓarsa a ƙirji don rufe maƙogwaro, ya matse ƙasan jikinsa, in ya fitar da iska ya tsuke ciki ya janye shi sama. Suna cewa iskar ƙasa za ta hau ta haɗu da ta sama, su hura wutar da ke wajen cibiya, zafin ya dami mai barcin. Sai ta farka kamar macijin da aka buga da sanda, ta yi huci ta miƙe, ta shige hanyar tsakiya. Daga nan ta riƙa huda tashoshin da ake kira cakra har ta isa tsakar kai ta haɗu da Shiva. Abin da ake nema shi ne kuɓuta daga sake dawowa duniya a wani jikin bayan mutuwa, kamar yadda suka yi imani, da cin galaba a kan mutuwa. Saukar da hawan jini ba ya cikin lissafin mutanen nan ko kaɗan.

Ustaz Bashir: Madalla Malam Kabiru, ka sauƙaƙa mana aiki. Ai magana ta ƙare. Abin da aka ƙirƙira don a tashi wata allahiya a kai ta wurin wani abin bauta, me Musulmi zai yi da shi? Sadiq, kar ka kusance shi, kuma kar ka kai wa Hajiya.

Dakta Hauwa: Ustaz a gafarce ni, kar a haɗa a yi jifa da abin da likita ya rubuta. Sadiq, abin da ake so Hajiya ta yi ba shi da riƙe numfashi, ba matse ciki, ba kiran sunan kowa. Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ana so ta rage zuwa wajen sau 6: ta shaƙa ta hanci cikin daƙiƙa huɗu, ta fitar cikin shida, na minti goma. Fitarwa mai tsawo tana ƙarfafa aikin jijiyar vagus, wadda ke sassauta bugun zuciya. Jinin yakan ɗan sauka, kaɗan ne ba mai yawa ba, don haka maganinta na nan daram. Kuma wannan ba mallakar Hindu ba ne. A 2001 wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, ya wallafa bincike da ya nuna masu jan carbin Katolika da Latin da masu maimaita mantra, wato kalmomin ibadar da ake nanatawa a yoga, duk numfashinsu yana sauka zuwa wajen sau 6 a minti. Huhu da zuciya ba su san yaren da ake magana da shi ba.

Sadiq Gwammaja: Na gode Dakta, wannan ya wadatar da ni. Huɗu da shida, ba riƙewa. Amma ku ci gaba, ni ma yanzu maganar ta ja ni.

Ustaz Bashir: Dakta ba mu saɓa ba a nan. Jan numfashi a hankali al'ada ce ta ɗan Adam, asalin al'adu kuwa halacci ne. Inda nake tsayawa shi ne wanda zai ɗauko tsarin nan da sunayensa da zamansa da lokutansa, ya ce ai ni motsa jiki nake. Da wani zai tsaya ya fuskanci alƙibla, ya yi ruku'u da sujada raka'a huɗu bayan rana ta karkata, ya ce shi gyaran baya yake yi, za mu ce masa a'a, wannan sallarmu ce ka ara. Su ma haka.

Nura (Pune): Abin mamaki Ustaz, akwai 'yan Hindu da ke goyon bayanka ɗari bisa ɗari. Wata ƙungiyarsu a Amurka, Hindu American Foundation, ta yi gangami wajen 2010 tana ƙorafin cewa Turawa sun ɗauki yoga sun goge sunan addinin da ya haife ta. A gefe guda kuma gwamnatin Indiya tana tallata ta a matsayin lafiya ga kowa. Firaministan Indiya Modi ne ya kai shawarar a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2014, aka ware 21 ga Yuni ranar yoga ta duniya, aka fara a 2015. Su kansu ba su daidaita ba.

Malam Kabiru: Ustaz, ga wani abu da zai ɗan dagula maka lissafi. Musulmi sun daɗe da sanin ilimin nan. Al-Biruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci tun ƙarni na 11. Akwai wani littafin yogawa da ya shiga Larabci da sunan Haudu Ma'il Hayat. A ƙarni na 16 Shehu Muhammad Ghawth na Gwalior, babban shehin ɗariƙar Shattariyya, ya fitar da shi da Farisanci da sunan Bahrul Hayat, kuma wajen 1600 aka yi wa Yarima Salim, wanda ya zama Sarki Jahangir, kwafi mai zanen yogawa a zaune iri-iri. Kwafin yana ɗakin adana littattafai na Chester Beatty a Dublin yau. Naƙshabandawa kuma suna da ƙa'idar kula da kowane numfashi kada ya fita cikin gafala.

Ustaz Bashir: Bai dagula komai ba Malam. Biruni ya fassara ne don a san abin da mutanen Hindu suka yi imani da shi, bai ce a bi ba. Aikin wani shehi a Gwalior kuwa ba hujja ba ne a shari'a, ka fi ni sani. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, saboda abin da ke cikinta na bauta.

Malam Kabiru: Majalisar malaman Indunusiya kuma a 2009 ta raba: mai mantra da ibadar Hindu haramun, wadda ke motsa jiki zalla ba laifi. Saudiyya ta amince da ita a jerin wasannin motsa jiki a 2017. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, cewa nake maganar ba ta ƙare a layi ɗaya kamar yadda ka so ba.

Ishaya Zonkwa: Mu ma a coci muna da wannan gardamar, wasu fastoci na hanawa wasu na ƙyalewa. Amma ni tambayata ga Dakta ce. Mutanen nan da ke cewa sun ji wuta na hawa bayansu, sun ga haske, jikinsu na rawa, duk ƙarya suke yi?

Dakta Hauwa: A'a Malam Ishaya, da yawansu da gaske suna ji. Sai dai jin abu daban, fassararsa daban. In mutum ya yi ta numfashi da sauri da ƙarfi, iskar kabon dayoksaid tana raguwa a jininsa, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke. Sai jiri, sai leɓe da yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, wani ya ga walƙiya, wani hannunsa ya ƙage. In kuma ya bi wannan da dogon riƙe numfashi, iskar oksijin na iya yin ƙasa kafin jiki ya matsa masa ya shaƙa, sai ya suma. Haka masu ninƙaya ke nutsewa in sun yi wannan dabarar kafin su shiga ruwa. Wanda aka riga aka gaya masa maciji zai tashi, in ya ji haka me zai ce?

Nura (Pune): Wallahi na gani da idona. Ranar da aka koya mana bhastrika, numfashin sauri da ƙarfi wanda littafin Svatmarama da kansa ya kwatanta da zuga-zugin maƙeri, muna zaune a tabarma ana ta fuf-fuf-fuf, ciki na shiga yana fita. Wani ɗan ajinmu ya zage ya wuce adadin da aka ce. Can sai muka ga yatsunsa sun haɗe sun lanƙwashe, babban yatsa ya shige tafin hannu, ya kasa buɗewa, idonsa ya raina fata. Malamar ko gezau, ta zo ta dafa kafaɗarsa ta ce ya bar bakinsa a rufe ya numfasa a hankali. Bayan 'yan mintoci hannun ya saki. Da yamma sai ga shi yana ba mutane labari wai wani abu ya motsa a bayansa.

Dakta Hauwa: Ka gani. Kuma duk wanda ya yi ajin fiɗar gawa ya san babu sushumna babu cakra a cikin mutum. Laka ce da jijiyoyi.

Malam Kabiru: Dakta, wani malamin Hindu ya riga ki. Dayananda Saraswati, wanda ya kafa ƙungiyar gyaran addinin Hindu ta Arya Samaj a 1875, an ruwaito a tarihin rayuwarsa cewa ya tsamo gawa daga kogin Ganga, ya sa wuƙa ya buɗe ta yana gwadawa da abin da littattafan yogan da ke hannunsa suka faɗa. Da bai ga komai ba sai ya jefa gawar da littattafan cikin ruwa. Amma ni ina ganin ya nemi abu ne inda ba a ajiye shi ba. A tsofaffin littattafan, cakra abu ne da mai bauta ke zanawa a zuciyarsa ya dasa a jikinsa yayin tunani. Shi ya sa adadin bai tsaya ba, wani littafi huɗu, wani biyar, wani tara. Tsarin shida da na bakwai a tsakar kai da duniya ta sani yau ya bazu ne ta hanyar rubutun Purnananda na Bengal na 1577. A can an siffanta kowace cakra da fure: na ƙasa yana da ganye 4, na gaba 6, na cibiya 10, na zuciya 12, na maƙogwaro 16, na tsakanin gira 2. In ka tara 50 ne, daidai da haruffan Sanskirit, harshen littattafan nasu, kowane ganye da harafinsa. Ka ga wannan tsarin ibada ne ba taswirar hanji ba. Wani alƙalin babbar kotun Kalkata, Bature, Sir John Woodroffe, shi ya fassara rubutun Purnananda zuwa Turanci wajen 1919 da sunan aro Arthur Avalon. Launukan bakan gizo da kuke gani a hotunan intanet kuwa, ja a ƙasa shuɗi-shuɗi a sama, ƙarin Turawan ƙarni na 20 ne.

Abin da ya fi ba ni haushi da masu sayar da darasin nan shi ne sun ɓoye gargaɗin da masu abin suka yi. Svatmarama ya ce yadda ake horar da zaki da giwa da damisa sannu a hankali, haka ake horar da numfashi, in ba haka ba ya kashe mai yi. Ya lissafa abin da kuskure ke jawowa: shaƙuwa, asma, tari, ciwon kai da kunne da ido. Ya ce sai da malami. Ya ce a keɓe a ƙaramar bukka mai ƙaramar ƙofa ba taga, a shafe ta da kashin shanu, a ƙasar da ke da sarki adali da wadatar abinci. A bar nama da kifi da giya da tafarnuwa da yaji da tsami, a riƙa barin rubu'in ciki ba komai, a fara da madara da man shanu. Ya ce matakin farko zufa, na biyu karkarwa, kuma zufar a murza ta a jiki kar a share.

Maman Ilham: Ikon Allah. Wato su da kansu sun san akwai haɗari.

Malam Kabiru: Sarai kuwa Hajiya. Akwai wani ma'aikacin gwamnati ɗan Kashmir, Gopi Krishna, da ya rubuta abin da ya same shi. A Disambar 1937, yana da shekara 34, bayan shekaru 17 yana zaman tunani kullum da asuba, ya ce ya ji wani abu kamar ruwan haske ya bi ƙashin bayansa ya shiga ƙwaƙwalwa da ruri. Abin da ya biyo baya ba daɗi: barci ya ƙaurace masa, abinci ya ƙi ciwuwa, jikinsa kamar ana hura wuta, ya yi ta tsoron haukacewa. Ya yi shekaru kafin ya daidaita. Kuma shi mai imani da abin ne, ba maƙiyinsa ba.

Alhaji Idi Maraɗi: Da a Maraɗi ne wannan, cewa za a yi iska ta buge shi, a ɗauko mai ruƙiyya.

Ustaz Bashir: Kuma ba lallai a ce an yi kuskure ba Alhaji. Wanda ya shekara 17 yana ƙwanƙwasa ƙofar da bai san na bayanta ba, ai wani zai amsa.

Dakta Hauwa: Ni kuma da ya zo asibiti zan fara tambayar kwana nawa bai yi barci ba, in tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Kowa da gilashin da yake kallo. Amma tunda mutane da yawa na karantawa, bari in faɗa a fili: mai juna biyu, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai farfaɗiya, mai hawan jinin ido, da wanda ya taɓa samun taɓin hankali, su nisanci numfashin sauri da dogon riƙewa. Masu sikila ma haka, ƙarancin oksijin na daga cikin abin da ke tayar musu da ciwo.

Ustaz Bashir: Nura, kai da kake cikinsu, yaya kake yi in an zo wurin furta Om, kalmar ibadar nan tasu?

Nura (Pune): Shiru nake yi Ustaz, ba wanda ya taɓa tilasta ni. Gaisuwar rana ma da ake yi da safe ba na shiga, na gaya wa malamar dalilina ta ce ba komai. A jarrabawa abin da ake tambaya shi ne wane tsoka ke aiki da wane majiyyaci ya dace da wane atisaye. Wanda na fi so shi ne bhramari, ka rufe baki ka fitar da numfashi kana gunji kamar ƙudan zuma. Masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2002 cewa gunjin nan yana ninka iskar naitirik oksaid a cikin hanci kusan sau 15. Yaranmu ma ai suna yin sa ba wanda ya koya musu.

Ustaz Bashir: Allah ya tsare ka ya dawo da kai lafiya. Amma dai ka kula.

Alhaji Idi Maraɗi: Malam Kabiru tambaya ta ƙarshe. Mutanen da can ba agogo, da me suke auna tsawon riƙewar? Kuma sau nawa ake yi?

Malam Kabiru: Da abin da suke kira matra, Alhaji. Wani littafin ya ce ka zagaya gwiwarka da tafin hannu, ba sauri ba nawa, ka ƙyasta yatsa, wannan matra ɗaya ke nan. Littafin Gheranda Samhita, na wajen 1700, ya ce a shaƙa cikin 16, a riƙe 64, a fitar cikin 32. Svatmarama kuma ya ce a zauna sau huɗu, asuba da tsakar rana da yamma da tsakar dare, a yi ta ƙarawa har a kai riƙewa 80 a kowane zama.

Dakta Hauwa: Bari in haɗa biyun in yi lissafi, ko da mun ƙaddara matra daƙiƙa ɗaya ce tak. Zagaye ɗaya daƙiƙa 112. Sau 80 ya kama kusan awa biyu da rabi. Zama huɗu, kusan awa 10 ke nan kullum.

Alhaji Idi Maraɗi: Awa 10! To wa zai buɗe mini shago? Dakta, maimaita mini naki, huɗu da nawa kika ce?

Dakta Hauwa: Huɗu da shida Alhaji, minti goma. Kuma ka zo a auna jininka, rabon da ka auna tun kafin azumi.